Idon da Yaya Ta Zana wa Mijinta

Yayata ta girme ni da nisa. A hannunta na tashi bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma da ta yi aure ba ta bar ni a baya ba. Har na girma na koyi ɗinki, kekena a barandar gidanta yake, don haka abin da zan faɗa a kanta yawancinsa a gabana aka yi, sauran kuwa daga bakinta na ji.

Malamar zane ce a wata makarantar firamare da ke bayan tashar mota. A makarantar ba a ɗauki darasinta a bakin komai ba. In malamin lissafi na son ƙarin lokaci, nata ake yanka a ba shi. In za a share fili, 'yan ajinta ake fitarwa. Ita kuma ba mai yawan magana ba ce. Sai ta tattara guntayen allinta masu launi a gwangwanin madara ta dawo gida, ta zauna a bakin ƙofa tana zana duk wanda ya yarda ya tsaya mata, daga mai gawayi har tsohuwar da ke zuwa wanki. Fuska take so. Ba ta damu da zanen gida ko itace ba.

Mijinta maƙerin zamani ne, kowa Maiwalda yake ce masa. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, mai dariyar da ake jiyowa daga ƙarshen layi. Shagonsa na bakin titi, cike da ƙofofi da tagogin da bai gama ba. Ni da shi ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna da wasa ba. Yakan ce shi mace ɗaya ya aura amma baki biyu yake ciyarwa, ni kuma in ce ai da ba don ni ba da har yanzu rigar da tartsatsi ya huhhuda yake sawa. 'Ya'yansu biyu, duk mata.

Wata safiya yana gurza ƙarfe, faifan injin ya tarwatse. Gilashin kariyarsa na bisa goshi, inda ya saba ajiye shi. Guntun faifan ya shige idonsa na hagu. A asibiti suka ce babu abin cetowa, in ba a cire ba ma zai iya jawo wa ɗayan matsala. Aka cire.

Da farko ya ɗauki abin da raha. Ya riƙa cewa mai walda dama ido ɗaya yake kannewa, shi an rage masa aiki ne. Amma da aka kwance bandeji, fatar idon ta lotsa ciki, fuskarsa ta karkace gefe guda, sai rahar ta fara ƙarewa. Masu kawo aiki suka riƙa yi masa magana suna kallon ƙasa. Ƙaramar 'yarsa, wadda a da take hawa wuyansa tun daga bakin ƙofa, ta koma laɓewa a bayan kekena in ta ji tafiyarsa. Asibiti suka ba shi wani idon roba daga cikin kwali, irin wanda ake kawowa daga nesa an riga an yi. Ya yi masa girma, launinsa kuma ba na mutanenmu ba ne, yana zare kamar na wanda ya ga abin tsoro. Sau ɗaya ya sa shi a gida. Yarinyar ta fasa kuka, ya cire ya jefa a aljihun tebur, ya sayi baƙin gilashi.

A ɗaya daga cikin zuwan da suke yi wanke ciwo ne likitar ido ta ga Yaya. Likitar dattijuwa ce, gajera, mai saurin tafiya. Ta fito kiran mara lafiya sai ta tarar da Yaya a kan benci tana zana fuskar wani tsoho a bayan katin asibiti. Ta karɓa ta duba, ta dubi tsohon, sannan ta ce in an gama da mijinta ta same ta a ofis.

A can ta yi mata bayani. Ita da wani masanin sinadarai daga jami'a sun daɗe suna bincike a kan yadda za a riƙa yin idon roba a nan gida, a auna shi daidai da kwarmin idon kowane mutum, da kayan da za a iya samu ba tare da jiran jirgi ba. Robar sun ci ƙarfinta. Abin da ya gagare su shi ne launi. Duk idon da suka yi sai ya fito kamar na kifi, kuma babu wanda zai yarda ya sa shi a fuskarsa. Ta ce suna neman mai hannu, wanda kuma ya iya kallo.

Ɗakin binciken na ƙarshen wani dogon lungu ne, bayan inda ake wankin zannuwan asibiti. A da sito ne. Taga ɗaya gare shi, da tebur biyu, da wata tukunyar ƙarfe mai murfi da ake dafa robar a ciki har ta yi tauri. Bisa kanta an jera ƙananan mazubai na farin siminti, kowanne da siffar kwarmin idon wani. Wari kuwa kamar an zubar da man goge farce. Masanin sinadaran siririn mutum ne mai sanƙo, wanda duk abin da ka tambaye shi, ko da ruwan sama ne za a yi, amsarsa ɗaya ce, har ma'aikatan asibiti suka sa masa suna Sai-an-gwada.

Shi da Yaya sun sha gardama kafin su fahimci juna. Ta ce masa idon da yake kira baƙi ba baƙi ba ne. Akwai ruwan ƙasa a ciki, da ruwan zuma, da wasu siraran layuka da ke fitowa daga tsakiya, kuma ba a shafa su lokaci guda, sai ɗaya bisa ɗaya. Farin ido ma ba fari ba ne, na mai aiki a rana daban, na tsoho daban. Ta sa aka jawo teburin zuwa gindin taga, ta ce dole mai idon ya zauna a gabanta, hoto ba ya wadatarwa. Jijiyoyin jan nan kuwa, daga wani jan ƙyallen siliki da ta ɗauka a kwandon ɗinkina ta riƙa zare zare ɗai-ɗai tana shimfiɗawa da allura. Shi kuma ya nuna mata abin da ba ta sani ba: launi na ƙara duhu in ya shiga tukunya, kuma robar da ake rufewa da ita a sama tana ƙara wa zane girma, don haka sai ta rage hannu. Ta riƙa bin layin marasa lafiya tana roƙon su bar ta ta kalli idonsu, har ta haɗa wani allo na launukan idon mutanenmu, wanda shi kuma ya ɗauka ya yi ta aune-aune a kai.

Da lokacin gwadawa a jikin mutum ya yi, Maiwalda ne ya fara sa hannu. Na raka su ranar. Ya zauna a gabanta a gindin taga, ta ɗaga haɓarsa da yatsa, tana kallon idonsa mai lafiya tana taɓa burushi a kan wani ɗan faifai da bai kai girman maɓallin riga ba. Kunya ta kama shi. Ya ce tun da suka yi aure ba ta taɓa kallonsa haka ba, ashe sai da ya nakasa. Ta ce ya yi shiru, in yana dariya idon na ƙanƙancewa.

Ranar da aka sa masa, likita da kanta ta ja da baya ta tsaya tana kallo. A gida ƙaramar yarinyar ta leƙo daga bayan keke, ta matso, ta tambaye shi wanne ne na ciwon. Ya ce ta canka. Ta nuna mai lafiyar. Ban taɓa jin ya yi dariya irin ta ranar ba. Washegari ya fita shago babu gilashi.

Daga nan mutane suka fara zuwa. Wani direba, wata mai sayar da atamfa, wani malamin makaranta da ɗalibai suka daɗe suna yi wa waƙa. Aiki ya yi wa Yaya yawa, shugaban makarantarsu ya ce ta zaɓi ɗaya, ta ajiye koyarwa. Na ce mata ta yi tunani, bincike ba aikin dindindin ba ne. Ta ce a aji tana zana fuska a goge da tsumma, a can kuwa fuskar ce ke tashi ta tafi gida.

Bayan zafin shekarar ya wuce ne ta fara lura. Yana shan shayi da safe a tsakar gida, rana ta haska gefen fuskarsa, sai na ga ta tsaya da buta a hannu. Ruwan ƙasan da ke cikin idon robar ya fara koɗewa. Ba ta gaya masa ba, ni ma ta hana ni. Ta ce wataƙila hasken ne. Amma abin bai tsaya ba. A hankali idon ya koma ruwan toka, sannan ya ɗauki wani kore-kore. Samarin da ke zama gaban shagon mai faci ne suka fara kiransa Idon Mage, kafin a ce haka sunan ya bi titi. A bakin wani yaro mai tallan ruwa ya fara ji. Ya dawo gida da rana tsaka, ya tsaya gaban madubin ɗakinsu ya daɗe, sannan ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta faɗa masa gaskiya.

"Da kin bar ni yadda nake, da yanzu na saba," ya ce.

Sauran ma suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Nasa ne ya fi lalacewa saboda hasken walda, amma babu wanda ya tsira. Mai atamfar ta cire nata a gaban kowa ta ajiye bisa teburin Yaya, ta ce an mayar da su abin gwaji kamar ɓeraye. Likita ta dakatar da komai. Sai-an-gwada ya yi ta yanka idanun da aka dawo da su yana dubawa, har ya gano cewa fentin ba ya jure rana, kuma gishirin hawaye na samun hanyar shiga ta gefe. Ya ce laifin ba na hannun da ya zana ba ne, nasa ne da bai bar su sun daɗe a gwaji ba. Wannan bai sanyaya wa Yaya rai ba ko kaɗan.

Maiwalda ya koma baƙin gilashi, sannan ya daina fita gaba ɗaya. Na farko ƙaddara ce ta same shi, mutane suka tausaya. Wannan karon dariya aka yi masa, kuma ita ce ya kasa haɗiyewa. Yaran shagonsa suka watse suka kama wasu iyayen gidan. Ƙofofin da aka ba shi suka yi tsatsa a jingine, masu su suka zo suka kwashe. Ya zauna a ɗaki, labule a sake, rediyo a kashe. In na tsokane shi da wasan da muka saba sai ya ce, "To, ƙanwata," shi ke nan. Ni da ya zage ni ma da ya fi mini.

Yaya kuwa ta koma kamar wadda aka ɗaure da ɗakin binciken nan. Ita da Sai-an-gwada suka shiga neman launin da ba zai koɗe ba. Shi ya haɗa, ita ta zana a kan ƙananan faya-fayai, su jera wasu a faranti bisa rufin asibiti su sha rana, wasu su jiƙa a kwalaben ruwan gishiri. Da tsakar rana take hawa tsanin ƙarfe ta je ta duba, ƙarfen na ƙona mata tafin hannu. Wani launin ya jure rana ya narke a tukunya. Wani ya jure tukunya amma ya ƙi kwanciya a burushi, ya yi gudaji. Ta rame, ta yi duhu, zannuwanta suka koma zagaye ta har da saura. In ta dawo gida sai ta tsaya a ƙofar ɗakinsu ta ba shi labarin gwajin ranar, shi kuma ko juyowa ba ya yi. Ga shi masu ɗaukar nauyin binciken sun aiko cewa in shekara ta ƙare babu sakamako, za su janye.

Can dai suka dace. Wani launi ne da Sai-an-gwada ya haɗa daga ƙasa mai ja da ya ƙona ya niƙa ta yi laushi kamar kwalli. Faya-fayan suka sha rana, suka sha gishiri, suka fito kamar ranar da aka zana su. Yaya ta sauko daga tsani da faranti a hannu, ta ce gobe za ta kawo mijinta. Sai-an-gwada ya ce a'a. Sun tabbatar ba ya koɗewa, amma ba su tabbatar ba ya cutarwa ba. Sai an gwada a ɗakin gwaji, a gwada a kan zomaye, sannan kwamitin asibiti ya zauna ya amince. Ta tambaye shi tsawon wane lokaci. Ya ce watanni.

"Malam, mutumin nan yana mutuwa a zaune," ta ce. "Ƙasa ce fa. Ƙasar da muke takawa."

"Gaggawar da na yi a baya ce ta zaunar da shi, Malama. Ba zan sake ba."

Ta je wajen likita, ita ma ta ba ta amsa iri ɗaya, sai dai ta riƙe mata hannu tana faɗa.

A cikin makon ne Maiwalda ya kira ta ɗaki ya ce ya yanke shawara. Zai tafi wajen wansa da ke noma a wani gari mai nisa, inda babu wanda ya san fuskarsa ta da. Ita ta zauna da yara. Bai ce zai dawo ba, bai ce ba zai dawo ba. Ya sa na wanke masa kayansa na goge.

Mazubin idonsa na nan bisa kanta a ɗakin binciken. Ba ta buƙatar ya zauna a gabanta, ta riga ta haddace shi. Ta riƙa zana masa sabon ido da sabon launin a lokacin da abokin aikinta ke fita cin abincin rana, tana ɓoyewa a aljihun tebur. Ranar da za ta dafa robar ya tafi taro a jami'a. Ta sha ganin yadda yake yi, ta kunna tukunyar da kanta. Sai ga shi ya bugo waya cewa an ɗage taron, yana hanya. Ta kashe tukunyar tun lokaci bai cika ba, ta ciro idon, ta goge shi sama-sama, ta ƙulle a gefen mayafinta. A ido ya yi tauri, ya yi sheƙi. Ba ta ga wani bambanci ba.

Da farko ya ƙi. Ta durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce ya sa sau ɗaya, in ya ga bai yi ba ya tafi, ba za ta tare shi ba. Bai tambaye ta ko likita ta sani ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya sa. Wallahi ya fi na farkon kyau. Ya ɗaga labule da hannunsa. Kwana kaɗan muka yi muna jin muryarsa a tsakar gida, har ya je ya buɗe shago ya share, ya dawo yana cewa in kwance masa jakar da na shirya.

Sannan ya fara sosawa. Ya ce ƙura ce. Idon ya fara ruwa, fatar ta kumbura, ya ce zai wuce. Ashe ya fi haka, ɓoyewa yake yi don kada a ce ya cire. Ni na gani, da na shiga ɗauko zanin gado na tarar da matashinsa ya ɓaci da mugunya. Na same shi a bayan gida yana rawar sanyi da rana tsaka, rabin fuskarsa ya haye har ba a ganin idon. Yaya na wajen aiki. Ni da maƙwabcinmu muka sa shi a mota.

Likita ta sha wuya kafin ta ciro shi. Ta wanke, ta ɗaga a hasken taga, ta juya shi, sannan ta aika a kira Yaya daga ƙarshen lungu. Ba ta yi musu ba. A tsaye ta faɗi komai, har da kashe tukunyar. Daga baya Sai-an-gwada ya tabbatar ba launin ba ne ya yi ɓarnar, robar ce da ba ta dahu ba take tsatso da sinadari tana cin naman. Amma wannan bai hana kwamiti rufe ɗakin ba har sai an gama bincike. Maiwalda, daga gadon asibiti, ya ce a gaya musu shi ya tilasta mata, har da barazanar saki. Ƙarya yake yi, kuma babu wanda ya yarda. Aka sallame ta.

Ranar da ta je kwashe burusanta, abokin aikin nata bai ɗaga murya ba. Ya nuna mata mazuban da ke jere bisa kanta, ya ce kowanne mutum ne da ke jira, ga mai atamfa, ga direba, ga malamin nan, kuma yanzu jiransu ya ƙaru, in ma ba a rufe ɗakin har abada ba. Ta ce ta sani. Ya taimaka mata ta ɗaure kwalin.

Ciwon ya warke, amma ya bar tabo. Kwarmin ya tsuke, ya ƙanƙance, har babu idon da zai zauna a ciki. Likita ta ce sai an yi wani aikin a faɗaɗa, shi ma ba ta da tabbas. Wata maƙwabciyarmu da ta zo dubiya ta ce, a gaban Yaya, wannan shi ne garin gyaran gira an rasa ido. Na raka ta har ƙofa na ce kada ta sake taka mana gida.

Bai tafi wajen wan nasa ba. Da ya ga babu makaranta, babu asibiti, kekena kaɗai ke motsi a gidan, sai ya sa gilashinsa ya koma shago. Ba don ya warke a zuci ba, don dole ce. Ya fara da gyaran ƙafar kujera da murhun gawayi, shi da a da yake ƙera ƙofar gidan bene. Yaya kuma ta shiga bin ƙananan makarantu tana zana musu haruffa da dabbobi a bango. Takan dawo da fenti har gwiwar hannu, ta yi wanka, ta kwanta tana kallon rufi. Ba su yi faɗa ba. Da ma sun yi. Sai gaisuwa, sai ga abinci, sai an gode. Akwai lokacin da na ji tsoron barinta ita kaɗai a gida, har nakan ƙirƙiro mata aike don ta fita.

An yi fiye da shekara kafin a sake buɗe ɗakin. Launin ya tsallake duk gwajin da aka yi masa. Suka ɗauki wani matashi da ya karanta zane, hannunsa ba laifi, amma bai daɗe ba ya sami aiki a kamfanin talla ya tafi. Sai-an-gwada da kansa ya zo gidanmu, ya zauna a baranda kusa da kekena yana juya hularsa. Ya ce kwamiti ya yarda ta dawo bisa sharaɗi: ba za ta zauna a ɗakin ita kaɗai ba, ba za ta taɓa tukunya ba, kuma za ta koyar da mutum biyu. Na ɗauka za ta ji zafin sharaɗin. Ta ce daidai ne, ta tambayi ranar farawa.

Tana can har yanzu. Mai atamfa ba ta dawo ba, amma direban ya dawo, da malamin, da wasu da yawa daga garuruwan da ban taɓa ji ba. Da aka buga sakamakon binciken, sunanta na cikin na waɗanda suka yi shi, a jere da na likita. An ba ta kwafi, ta bar shi a wajen aiki. Likitar ta yi ritaya. Wanda ya gaje ta ya duba Maiwalda ya ce za a iya gwada aikin, yana iya yi, yana iya ƙara ɓatawa. An sa masa rana ya fi sau nawa. Kullum akwai ƙofar da zai gama tukuna.

Ni na yi aure na bar gidan, amma layi ɗaya ne tsakaninmu, kuma shagonsa a hanyata yake. Wasanmu ya ɗan dawo. Sai dai a gida ba ya cire gilashin nan, ko a ɗaki, ko wajen cin abinci, in dai Yaya na wurin. In zai wanke fuska sai ya juya mata baya. A shago kuwa yakan cire ya goge gumi, ko da mutane.

Kwanan baya na je mata da yamma, muna tsince shinkafa a faranti ɗaya, sai ta tambaye ni ko na ga fuskarsa a shago kwanan nan. Na ce na gani. Sai ta ce mutum in ya kai shekarunsa, wani siririn zobe mai ruwan toka kan fara zagaye baƙin idonsa, tana ganin haka a masu zuwa wajenta. Ta ce tana so ta sani ko nasa ya fara. Na ce ban lura ba.

"In kin bi gobe ki duba mini," ta ce. "Ki tsaya ta damansa, inda rana take."

Na ce to. Ta jawo farantin gabanta ta ci gaba da tsinta.